Babi na Shida: Wutar Nukiliya da Inda Tsoronta Ya Kamata Ya Sauka

Da safiyar 13 ga Fabrairun 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da garin Reggane, can cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Lokacin hunturu ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san daga inda iskar hunturu take busowa, ya san kuma ba ta zuwa hannu rabbana, da ƙura take tafe. Hankalin Afirka ta Yamma ya tashi. Da Faransa ta ƙi ji har ta yi gwaji na uku, sai gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadanta daga Legas a watan Janairun 1961, ta yanke hulɗa da ita. Wata uku ke nan kacal da samun 'yancin Nijeriya.

Ta wannan ƙofa nukiliya ta shigo kunnen mutanenmu, kuma rediyo bai sauya mana ƙofar ba. Yau labarin Iran, gobe na Koriya ta Arewa, jibi Rasha ta yi barazana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka in aka ce za a gina tashar lantarki ta nukiliya, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne za a ajiye masa bam a bayan gari. Ba na ganin wautar mai wannan tunani. Sai dai tsoron ya sauka inda bai kamata ba, ya bar wuraren da suka fi cancantarsa babu mai tsaro.

Tashar nukiliya tukunyar tafasa ruwa ce. Ruwa ya tafasa, tururi ya tura farfela, farfela ta juya janareta, wuta ta fita. Haka tashar kwal take aiki, haka ta gas ta Egbin da ke Legas. Bambancin yana murhu. Maimakon a ƙona wani abu, ƙwayoyin zarra na ƙarfen yuraniyom ne ke tsagewa biyu, kowace in ta tsage ta saki zafi, ta kuma harba wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutiron, su je su tsaga na kusa da ita. Akwai sanduna na musamman da ke shanye niyutiron ɗin. A tura su ciki, aikin ya lafa, a ja su waje, ya ƙaru. Farin abin nan da ake gani yana tashi daga manyan hasumiyoyin tashar a hotuna, wanda masu shirya labarai ke son nunawa in suna maganar guba, tururin ruwa ne. Babu hayaƙi, don babu abin da aka ƙona.

To me zai hana tukunyar ta tashi kamar bam? Man da ke cikinta. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa iri biyu ne a cakuɗe, kuma irin da ke tsagewa cikin sauƙi, wato mai lamba 235, kashi 0.7 ne kawai cikin ɗari. Tashar lantarki tana aiki da wanda aka tace ya kai kashi 3 zuwa 5. Bam yana neman kusan kashi 90, sannan sai an harhaɗa shi cikin ƙiftawar ido da wata dabara wadda gina ta ya ci wa Amurka shekaru da dukiya mai yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Man tashar lantarki ko injiniyoyinta sun yi niyyar mugunta ba zai yi irin fashewar Hiroshima ba. Zai iya yin zafi har ya narke, tururi zai iya fasa bututu, iskar haidurojin za ta iya kamawa. Waɗannan duk sun faru, kuma musiba ce. Amma ba bam ba ne.

Ba wai babu dangantaka ko kaɗan ba. Injin da ya tace yuraniyom zuwa kashi 5 zai iya ci gaba da tacewa in aka bar shi, kuma a nan rigimar Iran take. Indiya ma da fulutoniyom ɗin wata tukunyar bincike ta yi gwajinta na 1974. Shi ya sa hukumar makamashin nukiliya ta duniya, wadda aka kafa a 1957 a birnin Biyana, take aika masu sa ido suna ƙirga kowane kilo. Amma ƙasashe fiye da talatin ke da tashoshin lantarki na nukiliya, tukwane kusan 440, kuma mafi yawansu, irin su Finlan da Kanada da Koriya ta Kudu, ba su da bam ko ɗaya. Har ma an taɓa bin hanyar ta baya: daga 1993 zuwa 2013 Amurka ta riƙa sayen yuraniyom ɗin da Rasha ta kwance daga kawunan makamai kimanin 20,000, aka sirka shi ya zama man tasha, ya riƙa ba da kusan kashi 10 na lantarkin Amurka.

Da yawa cikin masu karanta wannan littafi sun taɓa wucewa kusa da tukunyar nukiliya ba su sani ba. Tana Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana aiki tun 2004. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta kimanin kilowat 30, ba ta ba da lantarki. Aikinta gano abin da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, da horar da ɗalibai. A 2018 aka cire man da ta zo da shi, mai tsananin tacewa, aka mayar da shi Sin, aka sa mata wanda ba ya yin makami. Ghana na da irinta a Kwabenya, kusa da Akara. Mutanen Samaru, inda jami'ar ta Zariya take, suna nan suna harkokinsu.

Sai maganar haɗari, wadda ita ce ta fi nauyi, kuma nan ne na fi son mai karatu ya yi haƙuri da ni. Sunaye biyu ne ke bakin kowa: Carnobil da Fukushima.

A daren 26 ga Afrilun 1986, ma'aikatan tukunya ta huɗu a Carnobil, cikin Yukren ta zamanin Tarayyar Sobiyet, suna wani gwaji da aka jinkirta, suka kai tukunyar wani hali da dokar aikinta ta hana. Ita kuma ƙirar tana da aibi wanda manya sun san da shi ba su gaya wa masu aiki da ita ba: a wani yanayi, sandunan da ya kamata su kashe ta sukan fara ƙara mata ƙarfi na ɗan lokaci. Ga shi ba a lulluɓe ta da katafaren ginin kankare irin wanda ake yi wa tukwane a wasu ƙasashe ba. Tururi ya ɗage murfinta, ta ci da wuta kwana goma, burbushinta ya bi iska. Mutum biyu suka mutu a daren. An tabbatar da cutar radiyeshon mai tsanani a jikin mutum 134, yawanci 'yan kwana-kwana da ma'aikatan tashar, 28 daga cikinsu suka rasu cikin 'yan watanni. A 2005 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a ƙarshe mutuwar da za a iya danganta wa haɗarin, cikin waɗanda abin ya fi shafa, za ta iya kai 4,000. Wasu masu bincike sun ce ta fi haka, kuma gardamar tana nan.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne abin da hukuma ta yi bayan fashewar. Garin Pripyat, mai mutum kusan 49,000, sai da ya kwana ya wuni, awa 36, kafin a kwashe shi. Duniya ba ta ji daga Mosko ba, sai da na'urorin wata tasha a Suwidin suka yi ƙara bayan kwana biyu. Shanu suka ci ciyawar da burbushin aidin mai guba ya sauka a kai, aka ci gaba da ba yara madararsu. Sakamakon haka, zuwa 2005 an samu fiye da mutum 6,000 da suka kamu da ciwon daji na ƙullutun gaban wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo, cikin waɗanda suke yara a lokacin. Akasarinsu sun warke bayan tiyata. Amma da an fito an ce kada kowa ya sha madarar yankin na 'yan makonni, da mafi yawansu ba su ga wuƙar likita ba. Ɓoye gaskiya ne ya cuci yaran nan.

Fukushima kuwa, girgizar ƙasar 11 ga Maris 2011 ba ta rushe tukwanen ba. Sun kashe kansu nan take kamar yadda aka tsara. Sai dai ga wani hali na nukiliya da ya kamata kowa ya riƙe: ko an kashe tukunya, manta yana ci gaba da fitar da zafi, kusan kashi 6 na ƙarfinta a farko, yana raguwa a hankali, don haka dole famfo ya ci gaba da tura ruwa. Wutar waje ta yanke, janaretocin dizal suka tashi, sai igiyar teku mai tsayin mita 14 zuwa 15 ta haura katanga ta shanye su, don an ajiye su a ƙasan gini. Tukwane uku suka narke. Igiyar ruwan ta hallaka mutum fiye da 18,000 a gaɓar Japan, kuma mutane da yawa har yau suna ɗora wannan adadi a kan tashar. Babu wanda radiyeshon ya kashe a kwanakin haɗarin. A 2018 gwamnatin Japan ta amince da biyan diyyar ma'aikaci ɗaya da ciwon dajin huhu ya kashe. Waɗanda suka mutu da yawa, fiye da 2,000 a lardin, tsofaffi ne da marasa lafiya da wahalar ƙaura da zaman gudun hijira suka ƙarasa, bayan an tashi mutum sama da 150,000 daga gidajensu. Kwamitin da majalisar dokokin Japan ta kafa ya ce musibar aikin ɗan Adam ce, don kamfanin da masu sa masa ido sun saba da juna har gargaɗi ya daina shiga kunne. Hujja kuwa tana kusa: tashar Onagawa ta fi kusa da cibiyar girgizar, amma an gina ta a kan tudu, ta tsira, har mutanen gari suka fake a cikin harabarta.

In aka haɗa waɗannan mace-mace duka aka auna da yawan lantarkin da aka samar, lissafin yana ba mutane mamaki. A kan kowace terawat-awa ɗaya, kwal yana cin ran kusan mutum 25, mai 18, gas kusan 3, nukiliya kuwa 0.03, sahu ɗaya da hasken rana da iska. Dalili shi ne kwal ba ya jiran haɗari, kullum yana kisa ta huhu, ɗaya bayan ɗaya, babu mai ɗaukar hoto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida, na itace da gawayi da kananzir, ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mu da muke jin labarin iyali sun kwana da janareta a ɗaki an wayi gari babu mai motsi, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Mutuwar da aka saba da ita ba ta tayar da hankali, shi ke nan.

Shi kansa radiyeshon ba baƙo ba ne. Yana fitowa daga duwatsu da ƙasar da muke gini da ita, yana sauko mana daga sararin sama, yana cikin jinin kowa. Matsakaicin abin da mutum ke ɗauka daga halitta a shekara milisibat 2.4 ne. Hoton ƙirji a asibiti kusan 0.1. Maƙwabcin tashar nukiliya mai aiki lafiya ba ya samun ko 0.01 daga gare ta a shekara. Yawa ne ke cutarwa, da kuma shigar burbushin cikin jiki. Kuma in ana neman inda wannan haɗari ya fi kusa da mu, ba tasha ba ce. A 1987, a birnin Goiânia na Birazil, wasu mutum biyu masu neman tsohon ƙarfe suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka kwance kan injin gashin ciwon daji, suka sayar wa mai gwangwan. Aka fasa, aka ga wani gari mai shuɗin haske, aka riƙa nuna wa dangi, yara suka shafa a jiki. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida, aka gwada mutum fiye da 100,000. Irin waɗannan injuna suna asibitocinmu, 'yan uwansu kuma suna wajen masu haƙar mai da masu gwajin bututu. Duk ɗan bola-jari da dillalin gwangwan ya kamata a nuna masa alamar nan mai fukafukai uku a kan rawaya, ya san in ya gan ta ba a fasawa, ba a kaiwa gida.

Sharar tasha ita ma ba yadda ake zato take ba. Ba ruwa ba ce mai tsiyaya daga durom. Man nukiliya 'yan dunƙule ne masu tauri, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba, amma zafin da yake bayarwa ya kai na tan guda na kwal. In ya gama aiki sai a ajiye shi a cikin ruwa na wasu shekaru, sannan a rufe shi a tulunan ƙarfe da kankare. Duk abin da Amurka ta tara tun shekarun 1950 kimanin tan 90,000 ne. Ƙarami ne a jiki, dogo ne a rai, don wani ɓangarensa yana da haɗari na dubban shekaru. Finlan ta haƙa ma'ajiyar Onkalo fiye da mita 400 a cikin dutse don binne nata. Amurka ta zaɓi dutsen Yucca tun 1987, siyasa ta hana a zuba ko kilo ɗaya.

Sharar da ba a cika magana a kanta ba tana can farkon hanya, a bakin rami, kuma wannan tamu ce. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas a Nijar. Mahaƙar Akouta ta kamfanin COMINAK ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a Maris 2021, ta bar tsibin tarkacen dutse mai radiyeshon kimanin tan miliyan 20 kusa da garin Akokan. Tun 2003 wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, CRIIRAD, ya ba da rahoton samun gurɓataccen tsohon ƙarfe a kasuwar Arlit. Wanda ya ce nukiliya tsaf take ba ta da datti, daga Faris yake kallonta. Gaskiya ne iskar da take ƙara wa ɗumamar yanayi kaɗan ce ƙwarai, kusan giram 12 a kan kowace kilowat-awa, inda kwal ke fitar da 820. Amma tsabtar can ba ta share ƙurar nan.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren masu goyon baya, don su ma suna da nasu, kuma a yankinmu nasu ne ya fi saurin yaɗuwa yanzu. Za ka ji ana cewa: ga mu da yuraniyom, Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, mu kuma muna cikin duhu, mu gina tamu kawai. Takaicin halal ne. Mahaƙan Arlit kansu da wutar kwal ta SONICHAR da ke Cirozerin suke aiki, kuma kafin juyin mulkin Yulin 2023 kusan kashi 70 na lantarkin Nijar daga Nijeriya yake zuwa. Sai dai rawayan garin yuraniyom da ke fita daga Arlit ba ya shiga tukunya haka nan. Sai an mai da shi iska, an tace, an mai da shi dunƙule, an jera a sanduna, kuma masana'antun tacewa na kasuwa suna hannun ƙasashe ƙalilan, Rasha ce kan gaba. Bayan haka, man da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin wutar. Ginin ne ke cin dukiya, da kuɗin ruwan bashin da aka ci aka yi shi. Tukwane biyu na Vogtle a Amurka an yi musu kasafin dala biliyan 14, suka ci fiye da 30, suka makara shekara bakwai. Ta Olkiluoto a Finlan an fara ta a 2005, ba ta kama aiki sosai ba sai 2023. Ana iya yi da kyau, don Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara gina tashar Barakah a 2012 da 'yan Koriya ta Kudu, yau tana ba ta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutarta. Masar na gina tukwane huɗu a Dabaa da bashin dala biliyan 25 daga Rasha. A duk Afirka dai tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg ta Afirka ta Kudu, tun 1984.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada tukunya ɗaya ta wuce kashi 10 na ƙarfin layin wutar ƙasa, don in ta tsaya farat ɗaya kada ta ja kowa ƙasa. Layin Nijeriya yana kai megawat 4,000 zuwa 5,000 ga masu amfani, tukunya ɗaya irin ta Dabaa kuwa megawat 1,200 ce. Ga shi layin yana durƙushewa sau da yawa a shekara, alhali mun ga a Fukushima abin da yankewar wutar waje ke nufi ga tukunya mai zafi. Ana yawan ambaton ƙananan tukwane na zamani a matsayin mafita, amma waɗanda ke aiki a duniya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, a Rasha da Sin. Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, har yau ba a zuba kankaren tukunya ba.

Ni ba na cikin masu cewa nukiliya ba tamu ba ce har abada. Injiniyoyinmu ba su fi na kowa ƙarancin basira ba, kuma ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba za ta rayu a kan janareta ba. Amma tasha tana aiki shekara 60, tana buƙatar hukumar sa ido da za ta iya ce wa minista a kashe tukunya yau, a kashe, ba a sauya wa shugabanta wurin aiki gobe ba. Tana buƙatar a sayi kayan gyara a kan lokaci, a biya ma'aikata a kan lokaci, a faɗi gaskiya cikin awa ɗaya in abu ya lalace. Don haka ranar da aka zo garinku da zancen tasha, kada ku ɓata lokacin taron da tambayar ko za ta tashi kamar bam. Ku tambayi nawa ne bashin da wanda zai biya shi, wane layi zai ɗauki wutar, wa ke biyan albashin mai sa ido, kuma wa zai buga muku ƙararrawa da tsakar dare.